Matar Anteni

Bazarar bana ta zo da zafin da ke sa kaza ta buɗe baki ta manta da rufewa. Ina zaune gindin bedi da la'asar ina fifita, sai ga jikana ya dawo daga Madawa da wani babban faranti na ƙarfe ɗaure bayan babur, wai shi parabol, da shi tele, akwatin talabijin, ke kamo hoto. Sunan kakansa anka sa mashi, shi ya sa ba ni kiran sunan. Maigida nake ce mashi, shi ko ya ce mini Amarya.

"Amarya," in ji shi, "daga yau kin huta da jin labari bakin mutane. Har Makka za ki gani daga bisa tabarmarki."

Na ce, "Makkar da ka kasa kai ni ita ka ɗauko mini cikin faranti? Marowacin banza."

Ya yi dariya, ya jingina tsani jikin ɗaki, ya rataya waya a wuya ya fara hawa. Na ɗaga kai in ƙara mashi wata baƙar magana, sai idona ya wuce shi ya faɗa gabas. Hadari ne ɗan kaɗan, na farkon shekara, ya yi ja daga ƙasa. Nan take maficin ya suɓuce daga hannuna.

Garinmu cikin kwari yake, ƙasan duwatsun Buza. Shekarar babban fari, wadda ta kashe shanu har ungulu ta ƙoshi ta bar sauran, mun yi shuka ta ƙone, munka sake ta ƙone. Da kaka ta yi, abin da munka kwaso gona bai cika zane guda ba. Maigidana, na gaskiyar nake nufi, kakan wanga yaro, ya zauna ya tsince zangarniyar da ta fi ido, ya sussuke da hannunsa, ya gauraya da toka ya zuba cikin tulu, ya liƙe bakin da laka. Ya kira ni ya ce, "Habsu, wanga iri na. Ko mi za a ci gidan ga, ban da shi." Na ce na ji. Munka tura tulun ƙarƙashin gado, ɗiyarmu Rabi tana kallo, lokacin ba ta daɗe da famfara ba.

Maza sunka watse, wasu Najeriya, wasu har Abijan. Shi bai tafi ba. Ba kuɗin mota, kuma mutum ne mai in'ina, in ya shiga baƙin mutane harshensa ɗaurewa yake yi. Dogo ne ƙwarai, ya fi kowa tsawo a garin, ga shiru. Sunansa ban faɗa ba yana raye, ba ni faɗa yau. Amma sunan da gari ya laƙaba mashi, wannan zan faɗa, don su ji kunya cikin kabarinsu.

Rani ya ci mu a hankali. Da asuba in ɗauki tulu in gangara gulbi, a tona rairayi har hannu ya nutse zuwa kafaɗa kafin ka ga danshi, ka zauna kana jiran ruwa ya tsattsafo cikin ƙoƙo. In na dawo in ɗauki kwando in hau dutse neman anza. Wanda bai ci anza ba bai san ɗaci ba. Sai ka jiƙa 'ya'yanta kana sake ruwa kwana da kwanaki kafin ta ciwu, ga ruwan da kansa abin nema. Munka ci ganyen jiga, munka ci dusa, munka sussuke ƙarangiya don ɗan ƙwayar da ke cikinta, hannuwana sunka yi kaca-kaca. Akuyarmu ta ƙarshe ta tafi kasuwa ta dawo garin rogo. Rabi ta bar wasa. Ta kan kwanta ƙasa ta tura hannu ƙarƙashin gado tana shafa tulun nan.

To, cikin wanga hali muna da tele, ka ji abin mamaki. Tun kafin farin gwamnati ta aiko da ita. Wasu mutane sunka zo da kamyo, babbar motar kaya, daga Tawa, sunka kafa wani baƙin gilashi mai shan rana yana cika batir, sunka ajiye tele cikin akwatin ƙarfe a ƙofar shigifar samariya, ɗakin taron ƙungiyar samari, sunka ɗaura anteni bisa dogon icce saman shigifar. Anteni ɗin wani farin ƙarfe ne mara nauyi mai haƙarƙari, da waya ta sauko daga jikinsa zuwa bayan tele. Makullin akwatin yana hannun sarkin samari, Ɗan Jimma. Da anka fara kawo jar dawa ta taimako, makullin magaza, ɗakin ajiyar da anka zuba ta, shi ma aljihunsa ya faɗa. Mutum guda, makulli biyu. Ko kwana guda kumatunsa bai faɗa ba shekarar nan.

Tsakiyar rani gara ta gama da iccen, ya karye. Ina za a samu wani? Duk abin da ke da tsawo an sare ma dabbobi ko an kai kasuwa. Sunka ɗaura anteni jikin guntun sanda, tele ta ƙi, sai tsaki-tsaki fari da baƙi da wata ƙara shuuu, don duwatsu sun tare mu. Ranar nan maigidana yana dawowa masallaci Ɗan Jimma ya hange shi ya ce, "Kai dogo, hau ka ɗaga muna mu gani." Ya hau. Ya je can bakin soro ta kusurwar kudu, ya ɗaga sandar sama da kansa iyakar hannunsa. Sai ga mutum tangaram cikin tele yana magana. Fili ya ɗauki sowa. Ya sauke hannu, hoto ya tafi. Ya ɗaga, ya dawo. Wani ya ce ai jikinsa ne ke jawo hoton, wani ya ce tsawon ne. Ba wanda ya damu ya gane. Ɗan Jimma ya ce in zai riƙa riƙewa duk daren da ake tele, yana da tiyar dawa, kwanon awo guda, ran Juma'a.

Ya shigo gida ya faɗa mini, yana kallon ƙasa. Na ce, "Kai da girmanka, a mai da kai icce?"

Ya ce, "I-icce ba shi da ɗiya, Habsu." Ya dubi ƙarƙashin gado. 

Haka anka fara. Da an sallame magariba ya hau, ba ya saukowa sai an rufe tele bayan lisha. Ku da ba ku gwada ba, ku ɗaga muciya sama da kanku ku tsaya har tuwo ya nuna, sa'an nan ku zo mu yi zance. In hannun dama ya mutu ya mayar hagu, kuma wajen mayarwar hoto ya yi rawa, sai fili ya ɗauka: "Kai! Tsaya! Dama! Dama anka ce, jaki! Koma kaɗan! Nan! Kada ka motsa!" In ya yi tari a zage shi. Ran da anka gwada kokowa, ana gab da kaye ya yi atishawa, wani ya jefe shi da dutse ya fasa mashi gira. Ya sauko da jini har cikin ido, bai goge ba don hannun ba shi da dama.

Mako bai zagayo ba sunansa ya ɓace, ya koma Anteni. Yara su bi shi hanyar masallaci hannuwa sama suna tafiya sanɗa-sanɗa. Dattawan da sunka yi kaciya tare da shi su ce, "Anteni, an tashi lafiya? Mi Yamai ke ciki yau?" Ni ko bakin gulbi na zama Matar Anteni. Wata ta ce mini, "Ke juya gabas mana, ko mu ga ruwa cikin ramin ga." Sunka kwashe da dariya, mata masu ƙashin wuya a waje, leɓe duk a tsage, waɗanda na san daren jiya ruwan zafi sunka ba 'ya'yansu da sunan kunu. Wallahi na tsane su ranar, kuma har yau in na tuna ban ce na bari ba. Yunwa ta hana su komi, sai ta bar masu mu.

In ya dawo ba ya iya sauke hannuwansa gaba ɗaya, sai su tsaya a sanƙare. Ba mai, ba ruwan gashi. Rairayi nake soyawa a kasko in ƙulle cikin tsumma in dinga danna mashi a kafaɗu. Wani dare da kaina na ba shi tuwo a baki, don loma ba ta kai mashi. Rabi ta tambaye shi, "Baba, mi ke cikin tele?" Ya ce, "Tambayi innarki. Ni tsakar kan mutane nake gani." Ashe daga inda yake tsaye ko hasken bai hangowa sosai, sai kawunan jama'a da hayaƙin tabar Ɗan Jimma.

Amma ran Juma'a dawa na zuwa, ja, mai wari, da ƙwari a ciki. In surfa, in niƙa, in haɗa da jiga, in ja ta har wata Juma'ar. Tulu yana nan da lakarsa.

Azumi ya kama cikin tsakiyar bazara shekarar. Rana ta fito tun da hantsi kamar da gayya, duwatsu su ɗauki zafi su riƙe har dare. Miyau ya ƙafe, harshe ya yi kauri. Mutane su kwanta cikin inuwar rumbunan da ba komi cikinsu, a jiƙa zane in an samu ruwan a lulluɓa. A haka yake kai azuminsa. A sha ruwa da ɗan farau-farau, ya yi salla, ya hau soron da ya wuni yana shan rana, ƙafa ba takalmi don kada ya zame. Tafin ƙafarsa ya yi bororo. Wuyan rigarsa ya yi mashi yawa. Wani dare na gan shi daga nesa yana layi bakin soron, na ce a'a, abin ya isa.

Da safe na tafi gidan Ɗan Jimma. Na san abin da na gani can: dogayen bututan ƙarfe da masu ginin rijiya sunka bari, ya yi ma ragonsa rumfa da su. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Sarki, don Allah a zare bututu guda a ɗaura abin nan. Mutumen ga zai faɗo."

Yana zaune bisa kujera yana sakace, da azumin. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Habsu, ashe ba ki da wayo. Bututu ba shi cin dawa. In na kafa bututu yau, ran Juma'a mi za ki zo karɓa?" Ya jira. "To faɗa mini. In kafa?"

Na dubi ragon. Ya fi ɗiyata ƙiba. Na ce, "A bari."

"Ban ji ba."

"A bari, Sarki."

Ya ce, "Madalla. Gai da Anteni."

Na fito ina jin dariyar matansa bayan darni. Ban faɗa ma maigidana na je ba.

Ana cikin goman ƙarshe labari ya zo cewa za a gwada garinmu. Kwanakin baya wasu sun zo daga Yamai da na'ura a kafaɗa sun ɗauki hoton rabon dawa, mu a jere da ƙorai, Ɗan Jimma da babbar riga yana aunawa. Ranar kowa ya fito, har mutanen tungayen da ke kewaye da mu, har tsofaffin da sai an riƙo su. Mutum da yunwa kamar ta kashe shi, amma yana son ya ga kansa yana karɓar sadaka.

Tun la'asar iska ta tsaya cik, ko ganye ba ya motsi. Gabas ta yi ja, sa'an nan ta yi baƙi. Muna shan ruwa muna jin ƙanshin ƙasa daga nesa, ƙanshin da munka manta. Na ce mashi, "Kada ka hau yau." Ya ce, "Gobe Juma'a." Ya leƙa ƙarƙashin gado, ya yi murmushi, rabon da in ga haƙoransa har na manta. Ya ce, "K-ki fiddo sungumi. Gobe war haka mun gama fadama."

Ban zauna cikin mata ba, na tsaya can baya inda nake ganin soron. Walƙiya na haska shi, dogo, hannu sama. Anka fara labarai. Iska ta fara tasowa, rigarsa tana kaɗawa. Sai fili ya ɓarke: "Ga mu! Ga masallaci! Ga Sarki! Wayyo ga ni nan!" Daidai nan na ji muryarsa, karo na farko da ya taɓa magana daga saman nan.

"Sarki! I-i-iska!"

Ɗan Jimma ko ɗaga kai bai yi ba. Ya ce, "Riƙe! Ka saki, ba dawa!"

Iskar ta iso gaba ɗaya, irin mai tafe gaban ruwan fari, mai yaye rufin ɗaki. Ta kama anteni ta fizga. Da ya buɗe hannunsa da shi ke nan, ƙarfe ya tafi, shi ya tsaya. Bai buɗe ba. Na ga ƙafafunsa sun bar soro.

Hoto ya ɗauke. Kun san abin da garinmu ya yi? Ya ɗaga murya ya zage shi. "Kai Anteni! Ɗaga mana, ɗan banza! Yanzu za a gwada ni! Barci kake?" Suna ta zagin soron da ba kowa bisansa, ni ina ratsa su ina tuntuɓe da ƙafafun mutane. Na same shi bayan shigifa bisa duwatsun da anka tara ma gini, rigingine, sandar tana cikin hannunsa. Ya buɗe ido ya ce, "Ba ta karye ba. F-faɗa mashi ba ta karye ba."

Ɗan Jimma ya iso da fitila. Ya duƙa, na zaci ɗaga shi zai yi. Yatsunsa ya ɓamɓare daga sandar, ya haska anteni yana duba haƙarƙarinsa ɗaya bayan ɗaya. Sai ruwa ya sauko. Mata sunka ɗauki guɗa, yara sunka fita tsirara suna tsalle, kowa ya ruga gida ya tara ƙorai. Wani makiyayi baƙo, wanda ko sunansa ban sani ba, shi ya kama mini munka kai shi gida cikin tabarma.

Ruwa ya kwana yana zuba. Da gari ya waye ba namiji ko ɗaya cikin gari, duk suna gona. Na je gidan maɗori, yana gona. Na nemi jakin da zai kai shi likita Buza, anka ce a bari a gama shuka. Na dawo na tsunkule shi a ƙafa, bai ji ba. Na tsunkuli ɗayar har farcena ya shiga, bai ji ba. Na zauna na fashe da kuka.

Ya ce, "Habsu, danshi ba shi jira. Fasa tulun."

Na ce, "In bar ka haka?"

Ya ce, "Don shi na hau." Ko in'ina bai yi ba.

Na jawo tulun na fasa lakar da taɓarya. Gero ya fito fes, ko ƙwaro guda bai taɓa shi ba. Na ajiye mashi ruwa kusa da kai, na saɓa sungumi, aikin da ban taɓa yi ba don na maza ne. Ni ke sara, Rabi na biye tana jefa iri tana rufewa da ɗan diddigenta. Maƙwabtan gona suna ganina, ba wanda ya ƙetaro. Ɗaya dai ya ɗago kai ya ce, "Matar Anteni, yaya mai jiki? Ya katse muna kallo jiya."

Ran Juma'ar ba a aiko da dawa ba, wai bai cika makon ba. Kafin Salla samari sunka zare bututu guda daga rumfar rago, sunka kafa shi bisa soron sunka ɗaure da waya. Tsakanin hantsi da azahar sun gama. Hoto ya fito ya fi na da kyau, kowa yana yabawa.

Shi yana kwance. Maɗori ya zo daga baya ya shafa bayansa ya girgiza kai. Damina ta yi kyau shekarar, kyau irin na cin fuska. Gero ya tashi baƙi ƙirin, ni ke noma, in dawo in juya shi, in wanke mashi gyambon da kwanciya ta haifar. Kullum sai ya tambaye ni inda gero ya kai, in gwada mashi a jikina: ga shi a gwiwa, ga shi a ƙugu, yau ya wuce kaina. Wata rana da yamma muna jin hayaniyar masu kallo daga fili, ya kasa kunne, sa'an nan ya ce, "Habsu, ranar nan an gwada ki?"

Na ce, "Ban sani ba. Ba tele nake kallo ba."

Ya ce, "Kash. Na so a ce kin ga kanki."

Ya rasu gero yana fidda kai, saura kaɗan a ci tumu. Bai ɗanɗana ko ƙwaya ba, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa ganin hoto cikin tele ba. Rumbunmu ya cika har na ara ma waɗanda sunka cinye nasu iri. Ɗan Jimma ya tsufa cikin mutunci, ya je Makka ya dawo, ya mutu bisa katifa. Har yau tsofaffin garin ga in suna lissafin haihuwar wani sai su ce, "Ai shekarar da Anteni ya faɗo anka haife shi," kuma wani lokaci a yi 'yar dariya.

Ina can cikin wanga tunani na ji ana ƙwanƙwasa ƙarfe bisa kaina. Jikana ya kafe farantin da ƙusoshi, ya zuro waya ta taga, yana tsaye bakin rufi yana juya shi da hannu biyu. Rigarsa ta fara kaɗawa. Ganyen bedi ya fara zubo mini a cinya.

Ya ƙwala mini kira, "Amarya! Leƙa ɗaki ki gani! In hoto ya fito ki faɗa mini, in bai fito ba in ƙara juyawa!"

Na dafa ƙasa na tashi, na ja ƙafa zuwa bakin ƙofa. Tele tana kunne bisa tebur, shuɗi fetal, ba mutum, ba murya, ba komi.

Na ce, "Ya fito."

"Da kyau?"

"Tangaram. Har Makka. Maigida, saki abin nan ka sauko."